Tarin Babur ɗin Mai Burodi

Bayan azahar Mai Lambu ya koma bakin rafi ya tarar injin ban ruwansa ya yi ƙafa. Tiyo na nan kwance da baki a buɗe, galan ɗin mai na nan, inda injin ke zama kuwa sai shatin gindinsa a ƙasa. Jiya-jiyan nan ya gama dashen tumatir, kuma da irin ranar da ake ƙwallawa a kwanakin, dashen da bai sha ruwa ba sai dai a yi masa addu'a. Ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu.

Unguwar nan ba ta rasa masu zuwa kallo. Kafin ya rufe baki mutane sun cika lambun, kowa da wanda yake zargi, kowa kuma yana satar kallon na kusa da shi. Ana cikin haka wani ya nuna ƙasa. Sawun babur ne, tayar baya tana da tabon ɗinki, duk juyi sai ta buga shi a ƙasa kamar hatimi. Wannan taya babu wanda bai san ta ba. Ta Mai Burodi ce, mutumin da ke raba burodi shago-shago tun asuba, ya dawo gida ya yi ta barci har la'asar.

Daga barcin suka finciko shi, ko takalmi bai sa ba. Babur ɗin yana jingine a gindin bishiyar ƙofar gidansa, suka tura shi da hannu har ƙofar Mai Unguwa. Mai Unguwa ya saurari kowa, ya ce a ba shi zuwa magariba. In inji bai fito ba, ba a kuma sami wani mai laifin ba, zai miƙa Mai Burodi ga 'yan sanda. Wanda aka taɓa kaiwa can da sunan sata kuwa, babu gidan burodin da zai sake ɗora masa kaya, babu mai shagon da zai sake buɗe masa ƙofa da asuba.

Sannan Mai Unguwa ya aika a kira Mai Sawu.

*

Mai Sawu tsoho ne dogo, mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanun da aka kora da awakin da suka ɓata. Da gari ya cika da babura sai ya koma karanta taya kamar yadda yake karanta kofato, kuma ba a taɓa jin ya nuna wanda ba shi ba. Matsalar ɗaya ce, Mai Burodi surukinsa ne, shi ke auren babbar 'yarsa.

"Yanzu fisabilillahi," in ji Mai Lambu, "suruki za a sa ya bi sawun suruki?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da sun san cikin tsohon da ba su ɓata bakinsu ba. Mai Sawu bai taɓa ƙaunar mutumin nan ba. Ya tsani yawan dariyarsa, ya tsani namiji mai barcin rana, fiye da komai kuma ya tsani babur ɗinsa, akwala mai tari da atishawa, wanda in ya tsaya sai ya mutu, in ya tashi sai ya tashi unguwa. Bai taɓa hawansa ba, ya kuma rantse ba zai hau ba. Maganar gaskiya, da ya ji wanda aka kama, wani ɗan daɗi ya ratsa shi kafin ya tuna fuskar 'yarsa.

Mai Burodi na zaune a ƙasa, rigarsa a yage a kafaɗa. Ya ɗago kai.

"Baba, wallahi barci nake yi."

"Ai kullum barci kake yi," in ji tsohon, bai ko dube shi ba. "Mai Lambu, tunda ba ka yarda da idona ba, taho da naka."

*

Daga gindin bishiya suka faro. Sawun ya bi lungu ya nufi rafi, kuma bai ba Mai Sawu wahala ba. Duk inda aka zo kwana, sai ya ga an dire ƙafar hagu, kusa da ita ɗan tabo baƙi a ƙasa. Ya dangwalo ƙasar ya kai hanci. Fetur.

"Nan ya mutu masa," ya ce. Suka ƙara gaba. "Nan ma."

"Ka gani ko? Shi ne! Wane babur ne ke fitsari a kowace kwana in ba nasa ba?"

"Babur ɗin nasa ne. Ban ce maka ƙafar tasa ce ba."

Ƙafar ba ta faɗi komai ba. Silifas ne na roba, irin wanda rabin mazan unguwa ke ja.

A bayan shingen lambu suka sami inda aka tsaya. Nan tabon ya yi faɗin faranti, har yanzu yana wari. Ƙafar hagu ta haƙa rami, alamar an ɗora inji a baya, an yi ta buga kik, babur ya ce bai san zance ba. Mai Sawu ya ji tsoron ɓarawon a cikin wannan ramin, mutum da kayan sata tsakar rana, abin hawa ya ƙi tashi. Sai kuma ya ga abin da bai yi tsammani ba. Shatin gwiwoyi biyu, an durƙusa a nutse. Gefe guda an share ƙasa da tafin hannu ta yi sumul, a kanta kuma wasu 'yan ramuka ƙanana a jere, kamar an soka bakin fensir.

"Wannan fa?" in ji Mai Lambu.

"Ban sani ba tukuna. Kalle su da kyau, ka riƙe a ranka." Ya ɗauki bokitin lambu ya kife a kai.

Sawun dawowa ya nutse sosai saboda nauyi, ya miƙe har bakin kwalta ya ɓace. Can gaba ya sake sauka daga kwalta, babu nauyi, ya koma gindin bishiya. Mai Sawu ya bi shi a sunkuye, ya dawo ya sake bi. Kwana bayan kwana, babu tabon mai, babu inda aka dire ƙafa.

"Me kake nema?"

"Tarin," in ji tsohon. "Ya tafi da shi, bai dawo da shi ba."

Mai Lambu ya yi tsaki, ya ce shi injinsa yake nema, ba lafiyar babur ba. Ya koma ƙofar Mai Unguwa yana gaya wa mutane cewa suruki ya fara kwana-kwana.

*

A kwanar farko akwai shagon wata tsohuwa mai ɗinki, kowa Inna Tela yake ce mata. Kunnenta ya fi idonta, bakinta kuma ya fi su duka.

"Na ji shi mana," ta ce, ƙafarta ba ta bar keke ba. "Ana tsakiyar rana. A nan ƙofata ya mutu, aka buga aka buga ya tashi. Na ce yau kuma wace masifa ta hana bawan Allahn nan barci."

"Kin gan shi?"

"Na saki labule saboda rana. Amma in ka san tari, sai ka ga mai tarin?"

"Dawowarsa fa?"

Keken ya tsaya. 

"Ka ga kuwa, ban ji dawowarsa ba. Babura sun wuce, amma ban da shi." Ta rage murya. "Ni dai in da ni ce kai, Mai Faci zan tambaya. Kwanan nan suka yi kaca-kaca da Mai Lambu a kan tiyo, har yana cewa sai ya nuna masa. Kuma yau da rana rumfarsa a rufe take. Ban ce komai ba fa."

Mai Faci na zaune a kan tsohuwar taya, ya tallabe kumatu, fuskarsa a murtuke. Da ya ga tsohon ya ƙara ɗaure ta.

"An ce rumfarka a rufe take da rana."

"Wa ya ce? Mai keken can ko? Ita ba ta rufe nata bakin ne?"

"Ina ka je?"

"Inda na je."

"Kai ka ɗinke tayar nan. Ka san inda babur ɗin ke kwana. Ka kuma yi wa Mai Lambu alkawarin sai ka nuna masa."

Mai Faci ya miƙe a fusace, ya wangame baki, ya nuna da yatsa. Can ciki wani rami ne cushe da auduga mai jini.

"Ga inda na je! Tun hantsi nake layi a asibiti, har yanzu rabin fuskata ba tawa ba ce. Je ka tambaya, duk layin sun ji ihuna." Ya koma ya zauna. "Kuma ni iska na sani, Baba, ban san mai ba. Wannan akwalar ko kyauta aka ba ni ba zan iya tayar da ita ba. In maganar cikin babur kake so, ga ɗanka can a gareji."

Mai Sawu ya yi masa sannu, ya wuce. Ya so a ce shi ne, don da an huta.

*

'Yarsa na tsaye a ƙofar gida, idanunta sun kumbura. Ta gaishe shi kamar yadda ta saba, amma muryar babu ruwa a cikinta.

"A gabana ya kwanta, Baba. A gabana suka tashe shi."

"Ke matarsa ce. Ba za su karɓa daga bakinki ba."

"Kai fa? Za ka karɓa?"

 Ya tsuguna a gindin bishiyar. Ƙasar wurin ta yi baƙi da tsohon mai, amma inda babur ya tsaya yau a bushe yake ƙamas.

"In ya ajiye shi, me yake yi?"

"Ya rufe makullin mai na ƙarƙashin tanki. Ko da gudu ya shigo sai ya rufe, in ba haka ba kafin ya farka rabin tanki ya tsiyaye."

"Makullin tayarwa fa?"

"Ya daɗe da lalacewa. Waya ce ake haɗawa."

"Wa ya sani?"

"'Yan gida." Ta share ido da gefen mayafi. "Tun yaushe yake bin Auta ya duba masa kafiretar nan. Kullum kawo gobe, kawo gobe. Aikin gida ai ba ya gaban bakanike. Da ya gyara masa, da yau ba a ce tabon mansa ne a lambu ba."

Auta shi ne ƙaramin ɗan Mai Sawu, ƙaninta, bakanike mai gareji a bakin kwalta. Tsohon ya bi ta ƙofar Mai Unguwa, ya leƙa ƙarƙashin tankin babur ba tare da ya taɓa ba. Makullin mai a buɗe yake. Tun azahar babur ke tsaye a wurin, ko ɗigo babu a ƙasa.

*

Mai Sawu bai taɓa zama a garejin ɗansa ba. Ya so yaron ya gaje shi, ya koya masa sawu tun yana ƙarami, yaro ya girma ya zaɓi baƙin mai. Tun daga nan in ya zo wucewa sai dai ya ɗaga hannu. Shi ya sa da ya shigo ya ja benci ya zauna, Auta ya rasa inda zai sa kansa.

"Baba, lafiya? An gama da maganar?"

"Saura kaɗan. Tambaya na zo yi. Me ke sa babur zubar da mai?"

Auta ya saki numfashi. "Ai wannan tabon kaɗai ya isa shaida. Nasa ne, kowa ya sani." Yana durƙushe gaban wani babur da aka kawo masa, ya jawo shi kusa. "Zo ka gani. Irin ciwon ke nan. Wannan ita ce kafireta, ita ke auna mai da iska ta ba inji. Ga ɗan kofi a ƙasanta. A ciki akwai wani abu mai iyo, da allura a jikinsa. In mai ya cika kofin sai ya taso ya tura allurar ta toshe hanya. To in datti ya maƙale a bakinta ba ta toshewa, mai ya yi ta shiga har ya yi ambaliya. Mu obafulo muke cewa. Ya zubo ta wannan siririn tiyo, ya jiƙa fulogi, ka yi ta bugawa babur ya ƙi tashi. In ma ya tashi silo ba ya zama."

"Silo?"

"Kukan da yake yi in ka saki totur yana tsaye. Mai lafiya sai ka ji shi tik-tik-tik, a kwance. Marar lafiya ya hau ya sauka, ya yi tari, ya mutu."

Fuskar yaron ta washe. Tunda ya buɗe garejin nan uban bai taɓa tambayarsa ko sunan sifana ba, yau ga shi a zaune yana saurare. Mai Sawu ya ga wannan farin cikin, ya ji kunya ta kama shi.

"Gyaran na da wuya?"

"Ga wanda ya iya? Kafin shayi ya huce. Ka rufe mai, ka kwance kofi, ka wanke allura, ka hure hanya, ka goge fulogi. Sai ka tayar, ka kasa kunne kana juya notin silo har ya kwanta."

"Dole sai an juya wannan kafin a tafi?"

"A'a, zai tafi ko ba a taɓa ba." Ya yi dariya. "Amma wane bakanike ne zai ji silo na rawa ya ƙyale? Ni kunnena ba ya ɗauka, ko gobara ake yi."

Yana magana hannunsa na aiki. Ya share ƙasa da tafin hannu ta yi sumul. Ya kwance notin farko na kofin, ya soka shi a ƙasa, kai a sama. Ya kwance na biyu, ya soka kusa da shi. Haka har suka jeru.

Mai Sawu ya ƙura wa notunan ido.

"Me ya sa kake haka?"

"Wannan? Ba sa ɓata, kuma na san wanda ya fara fita. In zan mayar sai in goge a wando. Ni kaɗai ke yi, sauran gwangwani suke zubawa."

A can ƙuryar gareji akwai wani tudu da aka lulluɓe da tamfol. Tsohon ya dube shi sau ɗaya ya kau da kai. Ya miƙe.

"Ka zo ƙofar Mai Unguwa kafin magariba," ya ce. "Ka taho da kayan aikinka. Ana bukatar bakanike."

A hanya ya tsaya a inuwar wani kango ya daɗe. Babu wanda ya ga ramukan nan sai shi da Mai Lambu, Mai Lambu kuwa bai san ma'anarsu ba. Ƙafa ɗaya ta isa ta goge su. In ya ce sawu ya ɓace a kwalta, bai yi ƙarya ba, kuma wanda za a tafi da shi mutum ne da bai taɓa so ba. Ya auna wannan da gaske, ba da wasa ba. Abin da ya kasa aunawa shi ne yadda zai ci gaba da amsa gaisuwar 'yarsa.

*

Rana ta yi ja lokacin da aka taru. Inna Tela ta rufe shago ta zo, Mai Faci ya zo da kumatunsa, 'yar Mai Sawu na tsaye a bayan mata. Auta ya ajiye jakar kayan aiki ya harɗe hannu.

"To, Mai Sawu," in ji Mai Unguwa, "me ƙasa ta ce?"

"Ta ce babur ɗin nan ne ya ɗauki inji."

Aka ɗauki hayaniya. Mai Lambu ya ce ai shi ya faɗa tun farko.

"Ban gama ba. Kai," ya juya ga surukinsa, "tashi ka tayar da shi."

Mai Burodi ya miƙe jiki a sanyaye. Ya sunkuya zai buɗe makullin mai, ya tarar a buɗe, ya yi turus. Sannan ya shiga hidimar da duk unguwa ta haddace: ya karkata babur, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa kafireta, ya haɗa waya, ya tattaro ƙarfinsa kamar mai shirin dambe. Bugu ɗaya babur ya tashi. Ya riƙe totur gam don kada ya mutu.

"Saki."

"Baba, zai mutu."

"Na ce ka saki."

Ya saki. Tik-tik-tik. Babur ya kwantar da murya kamar jaririn da ya ƙoshi. Mutane suka yi tsit, suna jiran tarin, tari bai zo ba. Mai Burodi ya zagaya shi yana leƙawa, baki a sake.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce.

"Shi ya sa ban ji dawowarsa ba!" in ji Inna Tela.

"A bayan shingen lambu ya ƙi tashi da inji a bayansa," in ji Mai Sawu. "Wanda ke kai ya durƙusa ya gyara shi, har ya tsaya daidaita masa murya. Ya dawo da shi ya jingine, ya bar makullin mai a buɗe, don ya san ba zai ƙara zuba ba."

"To in shi ya gyara abinsa fa?" in ji Mai Lambu.

Nan kam har Mai Unguwa sai da ya murmusa. Mai Faci ya ce, ta gefen baki, mutumin da ko iska sai an duba masa, shi zai buɗe kafireta? Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya fara lissafin masu iya gyara a unguwar, kuma ba su da yawa.

"Auta," in ji tsohon. Muryarsa ba ta yi rawa ba, shi kaɗai ya san abin da hakan ya ci masa. "Kashe shi ka buɗe mana kofin, mu ga ko an taɓa."

Auta ya dubi uban, bai karanta komai ba. Ya durƙusa, ya rufe mai. Idanun mutane sun yi masa yawa, hankalinsa na kan fuskarsa, yana ƙoƙarin kada ta nuna wani abu. Hannun kuwa babu mai tsaronsa. Ya share ƙasa. Ya kwance noti ya soka. Ya kwance wani ya soka kusa da shi.

"Tsaya!" Mai Lambu ya matso, yana nuna ƙasa. "Ramukan nan! Su ne a ƙarƙashin bokitina!"

Auta ya dubi hannunsa kamar na wani. Ya dubi notunan da ke tsaye a jere. Bai yi gardama ba, ɗan mai bin sawu ne, ya san lokacin da ƙasa ta gama magana.

"Injin yana gareji, ƙarƙashin tamfol," ya ce a hankali. "Wani ya kawo mini irinsa gyara, na ƙona masa. Ban taɓa mayar da aiki na ce na kasa ba. Na ce in ba shi wannan."

"Shi ne ka ɗauki babur ɗin mijina?" Yayarsa ta ratso mata ta fito. "Kana ji aka ja shi a ƙasa, kana gareji?"

Bai dube ta ba. Sai ya dubi uban.

"Na san kai za a kira, Baba. Na san ba ka ƙaunarsa. Na ɗauka a taya za ka tsaya."

Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Mai Sawu ya ji maganar ta shige shi har ƙashi, don yaron bai yi kuskuren karanta shi ba, da kaɗan ya kuskure.

Mai Unguwa ya yi gyaran murya, ya fara cewa tunda abin na gida ne, kuma inji ya fito, wataƙila a duba. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, da rana ka faɗi abin da za a yi wa wancan. Shi za a yi wa wannan."

Aka tafi da Auta ya nuna inji, daga can a wuce da shi. Mai Lambu ya bi su da sauri, ko ya samu ya ba dashe ruwa kafin duhu. Mutanen da suka yaga rigar Mai Burodi suka zo suna ba shi hannu, kowa na cewa shi dama bai yarda ba. 'Yar Mai Sawu ta tsaya a tsakiya, an sako mata miji an tafi mata da ƙane, ta rasa wanda za ta bi. Inna Tela ta kama hannunta ta ja ta gida.

*

Wuri ya watse, saura tsohon a tsaye inda yake. Ƙafafun da suka yi shekaru suna bin daji sun ƙi ɗaukarsa zuwa gida.

Mai Burodi ya tsuguna ya tsinci notunan, ya mayar da su yadda ya iya, ya buɗe mai, ya tayar. Ya turo babur ɗin gabansa.

"Baba, hau in kai ka."

Mai Sawu ya dubi akwalar da ya rantse ba zai hau ba. Ya tattara riga ya hau.

Suka bi lungu a hankali. Babur ya yi lafiya ƙwarai, ko ƙara babu, har ana jin hirar mutanen da ke zaune a ƙofar gidajensu, ana jin sun yi shiru in an zo wucewa. A wannan shirun ne Mai Burodi ya ji wani sauti a bayansa, ya ji goshin tsohon ya sauka a kafaɗarsa, wurin da rigar ta yage.

Bai waiwaya ba. Ya kama kuloci, ya murɗe totur har ƙarshe, babur ya kwarma ihun nan da tsohon ya tsana. Haka ya yi ta murɗawa babu dalili, lungu bayan lungu, mutane na toshe kunne suna zaginsa, har suka isa gida babu wanda ya ji kukan Mai Sawu.